Fuskar Hajiya a Cikin Ruwa

Kakata, wadda kowa a gida yake kira Hajiya, ta daina hira a shekarar da na shiga babbar sakandare. Kunnenta ne ya yi nauyi, har ba ta jin ƙarfin muryarta. Wata rana ƙawayen Umma suka zo gidanmu a Nassarawa, muna cin abinci a falo, sai ta sunkuyo wajena, a zatonta raɗa take yi, ta ce mai jan mayafin nan ta cinye naman kowa. Har mai gadi ya ji daga bakin ƙofa. Bayan tafiyarsu Abba ya yi mata magana cikin ladabi, sai dai dole ya ɗaga murya kafin ta ji. Tun daga ranar ta koma amsa gaisuwa da ka. Na lura ko carbi take ja, sai ta kare bakinta da gefen mayafi.

A lokacin malamarmu ta kwamfuta, wata 'yar Zariya da ke zaune a Kawaji, tana koya mana rubuta umarnin da ke sa hoto ya motsa da sauti. 'Yan ajinmu suka yi ta haɗa fitilu masu rawa da kiɗa. Ni kuwa na sa kyamara ta ɗauki fuska, in an yi magana sai fuskar ta girgiza kamar inuwa a ruwan baho. A cikin umarnin akwai wata lamba, ita ce iyaka. Muddin sauti bai wuce ta ba, za ka gane kanka. In ya wuce, fuskar ta tarwatse. A ɗakina na daidaita lambar, ina gwadawa da irin maganata ta kullum.

Bayan la'asar na kai wa Hajiya kwamfutar a baranda. Na yi mata bayani a kunnenta na dama, wanda ya fi ji. Ta daɗe tana kallon kanta, ta gyara ɗankwali, sannan ta yi sallama a hankali. Fuskar ta tarwatse. Ta ƙara yin ƙasa da murya, har da ƙyar nake jinta, fuskar ta sake wargajewa. Na ga hannunta yana neman gefen mayafi. Na yi da na sanin kawo abin.

Sai ga Umma ta leƙo tana tambayata ko na ga wuƙar yanka kuɓewa. Magana ce irin ta yau da kullum, amma allon ya hargitse. Hajiya ba ta ji abin da aka ce ba, ta dai kalli bakin Umma, ta kalli allon, sannan ta juyo kaina.

"Ƙawata, da muryar wa kika auna abin nan?"

Na nuna ƙirjina.

"Ke?" Ta yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. "Ke da sauro ma ya fi ki amo? Ashe shi ya sa. Zaunar da uwarki ta yi mana magana."

Umma ta zauna gaban allon, ta shiga yi mana bayanin miyar dare. Ni kuma ina ta ɗaga lambar har fuskar Umma ta tsaya tana ɗan motsi kawai.

Kullum da yamma Hajiya takan zauna gaban allon, yatsunta a maƙogwaro, tana magana tana kallon ruwan da ke cikinsa. Daga baya na gane da yatsun take haddace ƙarfin muryar da ya yi daidai. Ni kuwa in na gwada a sabuwar iyakar, ruwan ko gezau, ita kuma ba ta gajiya da tsokanata a kan haka.

Da ƙaramar sallah ƙawayen Umma suka dawo. Hajiya ta amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yara da masu gida. Da aka kawo abinci sai ta ɗora yatsu a wuya, ta sunkuyo wajena.

"Ga ta nan kuma, ɓoye namanki."

Na ɗaga kai na duba falon. Kowa na cin abincinsa.