Walat ɗin Don Arcesio

A unguwarmu ta Bosa, duk mai keken da ke son ya ci gaba da zama mai keke ba ya fita shi kaɗai da sassafe. A gaban rumfar Doña Nubia mai kofi ake taruwa, a kurɓi mai zafi a tsaye, sannan a tafi a ayari, saboda gadar nan ta kan lambatu da ɓarayi suka mayar wurin aiki. Don Arcesio Pinzón ya daɗe a cikin ayarin. Mai gadin ƙofa ne a wani bene can arewacin Bogota, kuma keken nan shi ne ƙafarsa.

Mutumin kirki ne, kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa. Bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, bai kuma bar kowa ya manta da hakan ba. Ra'ayinsa a kan sauran mutanen gari gajere ne: duk ɓarayi ne, wanda bai yi sata ba dama ce ba ta zo masa ba. Matarsa Herminda takan ce ya ci abincinsa ya bar duniya ta huta, amma ina.

Da masu sauraro suka fara hamma, sai ya nemi hujja. Ya sayo tsohuwar walat a gwanjo, ya yayyanka jarida daidai girman kuɗi ya cusa, ya ɗora takardar peso ta gaske a sama don ta ja ido. Da yamma in yana dawowa, lokacin da kowa ke kama gabansa, sai ya sake ta a kan hanyar kekuna kamar ta zame daga aljihu. Ya ɗan wuce gaba, ya tsaya yana gyaran sarƙar da babu abin da ya same ta, yana leƙe ta ƙasan hula.

Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa biyo shi tana haki ta miƙa masa. Ya ce don ta ga yana kallo ne. Wani kuma ya tsinta, ya zura a aljihu, ya ƙara wuta, wannan ya ishi Don Arcesio labari har bakinsa ya bushe, sannan ya sayo wata walat. Amma yawancin mutane kewaye ta suke yi kamar kashin kare. Abin ya ɗaure masa kai, daga baya ya yanke hukunci cewa tsoro ne, ba gaskiya ba.

Tsoron ne kuwa. Kowa a garin nan tun yana bayan uwa ya san damfarar da muke kira ƙunshin Chile: a yar da yankakkiyar jarida mai kama da kuɗi a gabanka, ka sunkuya, wani ya ɓullo ya ce a raba, kafin ka ankara wayarka da kekenka sun yi gaba. Don Arcesio ma ya sani, shi ne ma gwanin jan kunnen mutane a kai. Sai dai mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Wata rana wata mata ta ɗauki hotonsa daga nesa, yana tsugune gaban keke, walat a yashe a bayansa, ta tura wa duk masu bin hanyar ta waya, ta ce a yi hattara da tsohon nan, ɗan ƙunshin Chile ne.

Washegari da ya iso rumfa, ba wanda ya matsa masa wuri. Doña Nubia ta ɗaga kuɗin da ya ba ta sama, ta duba da hasken fitila kafin ta zuba masa kofi. Wilmer mai fenti, wanda ke jan ayarin da usur, ya miƙo masa waya da hoton a kai.

"Maƙwabci, wannan hular kamar na san ta."

Don Arcesio ya yi dariya, shi kaɗai. Ya yi musu bayani cewa gwaji ne, gaskiyar jama'a yake aunawa. Don su tabbatar, ya ciro walat ɗin ya buɗe, su gani da idonsu babu komai a ciki. Suka gani. Jarida ce, an yanka ta daidai, takardar gaske a sama.

"Hannunka ya faɗa," in ji Doña Nubia. "Wa ya koya maka, Don Arcesio?"

"Ni? Ni da makullan gidajen mutane ke hannuna shekara da shekaru?"

"Ai shi ne abin dubawa," wani ya ce daga baya.

Wilmer ba mai son rigima ba ne. Ya ce shi dai bai ce komai ba, amma akwai mata a ayarin, kuma ana ta tambayarsa ko wane ne abokin sana'ar Don Arcesio da ke laɓewa a ƙarƙashin gada. Gara tsohon ya ɗan huta da binsu har ƙura ta lafa. Ya busa usur, suka tafi.

Don Arcesio ya bi su daga nesa, wuya a miƙe. Ƙafafunsa ba na da ba ne, kuma ba wanda ya waiwayo. Da ya kai bakin gada, fitilunsu sun riga sun ƙetare, sai wasu mutum biyu da ke jingine a jikin ƙarfe, hannuwa cikin riga. Ya tsaya ya dube su da kyau, ya juya kan kekensa.

Ƙurar ba ta lafa ba. Keken yana rataye a bangon ɗaki, Herminda na shanya tawul a kansa. Shi kuwa kullum yana layin bas tun asuba, a matse cikin mutane, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya dafe da aljihu.