Sankara a Huhun Barmo

Duk wanda ya ci kasuwar Tanut a shekarun nan ya san Barmo mai goro, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gajere ne, baki ja wur, ga ɗagawa sai ka ce shi ya dasa itacen goron. Abu ɗaya yake taƙama da shi: shekara talatin yana kwance huhun goro, bai taɓa miƙa wa mutum mai sankara ba, wato wanda tsutsa ta ɓata cikinsa. Matarsa Tabawa takan ce da yana lallashinta yadda yake lallashin huhu, yau yayyafa ruwa, gobe sauya ganye, da tuni ta yi ƙiba.

A 1978 tuwo ya fara tsaya masa a wuya. Ya koma fura, ya koma kunu, daga baya ruwa ma sai da dabara. Aka kai shi Damagaram, daga can Yamai, likitoci suka yanke masa wani ƙari a hanyar abinci. Ba wanda ya zaci zai dawo. Sai ga shi, a rame, da ɗinki daga ƙirji har ciki, yana gaya wa masu saye wai ƙashin zabo ne ya maƙale masa. An hana shi taba, amma Barmo ya ce ai ta ci ake nufi. Ya ajiye garin taba da kanwa ya kama sigari, tunda a cewarsa hayaƙi ba ya tsayawa a wuya. Tabawa ta yi faɗa har ta gaji.

Bayan shekara biyar tari ya kama shi, irin wanda ba ya jin zuma. Ranar da Tabawa ta ga jini a tsummansa, ba ta nemi shawararsa ba, ta tasa shi gaba sai asibitin Damagaram. Bai so tafiyar ba ko kaɗan, don a makon nan sabon huhu ya iso masa daga Kano, har ya ɗibar wa Aghali, wani makiyayi na Tenhya, goron sunan ɗansa.

Aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga shi a haske, ya daɗe yana Faransanci, majo, babban ma'aikacin jinya, yana gyaɗa kai. Sannan majo ya juyo.

“Baba, sai haƙuri. Sankara ta shiga huhunka.”

Barmo ya miƙe zumbur. “Huhun wa?”

“Naka, Baba.”

“Ƙarya ne wallahi! Wa ya faɗa? Tanko ne ko? Tun da ya kafa tebur kusa da nawa yake neman ɓata min suna!”

“Likita ne ya gani a hoto.”

“Har hoto aka ɗauka? La ilaha illallahu! Wane gefe?”

“Duka biyun.”

Ai kafin majo ya rufe baki Barmo ya suri hularsa ya yi tasha, yana tari yana kiran sunan Aghali. Tabawa ba ta bi shi ba. Ita ta ga inda yatsan likita ya nuna. Majo ya zauna ya yi mata bayani. Ya ce wannan ba irin na farko ba ne, wuƙa ba ta da abin yi a nan. Akwai allurai a Yamai da za su iya ƙara masa ’yan watanni, amma suna kayar da mutum. In ba haka ba, ga maganin rage ciwo. Ta tambaya ko zai ga damina. Majo ya ce ta bana watakila, ta baɗi kuwa Allah ne masani.

Ta hau motar da ta biyo baya, tana kuka tana jin haushinsa, duk a haɗe.

Ta tarar da shi a tsakar gida ya kwance huhun kaf, ganye ko'ina. Yana ɗaukar goro ɗaya ɗaya yana ɓarewa, yana dubawa, yana ajiyewa. Har ya aika Tenhya a ce wa Aghali kada ya raba ko ƙwara ɗaya.

“Zo ki gani da idonki!” in ji shi. “Fari tas, ja tas! Ina sankarar? Gobe zan kwashi wannan in zube wa likitan nan a tebur.”

Tabawa ta durƙusa cikin ganyen. Ta karɓe goron da ke hannunsa, ta ɗora tafinta a ƙirjinsa.

“Maigida, wannan huhun ake nufi. Na nan ciki.”

Ta faɗa masa duka, allurai da damina, ba ta rage komai ba. Ya dubi tulin goron da ya ɓare a banza. Tari ya zo ya wuce.

“To goron lafiyarsa lau ke nan?”

“Lafiya lau.”

Ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo. “Alhamdu lillahi. Kin ban tsoro, Tabawa. Wannan ai ba wanda na sayar wa.”

Ta so ta zage shi, dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Shi kuwa ya ce ta tashi ta nemo wanda zai koma Tenhya, a gaya wa Aghali ya raba goronsa.