Ranar da Na Shiga Cikin Kwamfutar Ajinmu

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin ranar jarrabawarmu ta yaƙi da jahilci za ta fita daga kaina.

A Nahuce muke karatu, mu magidanta, bayan la'asar. Muna da kwamfuta guda ɗaya mai manhajar koyon karatu, wadda wata matashiya 'yar Gusau ta ƙirƙira, tana kan gwada ta. Ran nan kowa ya zauna gabanta ya yi karatunsa ta ɗauka. Saura a adana, sai ta ƙame. Malaminmu kuwa an kira shi Bunguɗu, matarsa na naƙuda. In aka kashe na'urar, jarrabawar ta tafi, ga damina ta sauka, ba mai dawowa aji sai bayan kaka.

Wani dattijo, maƙeri, ya ce, "A zare mata wuta, ta san da mutane."

Na ce a dakata. Na kira matashiyar a waya.

"Baba, kana iya karanta lambobi?" in ji ta.

"Da sannu-sannu, ɗiyata."

"Sannu-sannun nake so."

Ashe ta bar wata manhaja ta neman matsala tana gadi a ɓoye. Ta nuna mini yadda zan buɗe ta, ta sa na danna wata alama mai kama da tsutsa. Layuka suka fito. Ta ce manhajar karatun tamkar gida ce, kowane layi kuma ma'aikaci ne a gidan: wani na sauraron murya, wani na adanawa. Doguwar lambar da ke kan kowane layi, rabin farko na gidan ne, na biyu na ma'aikacin. Gajeruwar lambar da ke gaba ita ce sunan kiransa.

Ni da nake ɗaukar abin nan allo ne mai haske kawai, ga shi cike da masu aiki, kowa da lambarsa.

Na karanto mata abin da ta nema, ta ce mai lamba huɗu ne ya tare hanya, shi za mu tsayar. Ta faɗi harafin umarni. Na rubuta shi, yatsana na kan maɓalli, ta ce, "Tsaya. Ka sa lambar?"

Ban sa ba.

"Wane layi ke da ɗigo a gabansa?"

"Mai sifili. Ai ba komai ba ne."

"Shi ne uban gidan, Baba, in ya tsaya komai ya tafi. Nan daga sifili ake fara ƙirga. Umarnin da ba lamba kan mai ɗigo yake faɗawa."

Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. Maƙerin ya ce, "Ka ga, da ka kama mai gari a madadin ɓarawo." Aka yi dariya.

Na nemo huɗu, na duba ta da kyau, na danna. Sai muryar maƙerin ta fito daga na'urar, tana haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Ya sunkuyar da kai. Muka adana komai, kowa ya samu takardarsa kafin a gama noman farko.

Tun daga ranar, a gida ko a gona, ba na yanke hukunci sai na tabbatar da wanda nake nufi. Na ga da idona yadda umarni mara suna ke sauka kan wanda ya fi kusa.