Zaren Gadon Baya

Duk ƙauyen Sukukutane an san Habiba da kiwon zabi. Ƙwansu take tsintowa ta sa wa kaji su kwanta, don a cewarta zabuwa ba uwar kirki ba ce. Mace ce mai faɗa, amma akwai abin da faɗanta bai iya kora ba. Ɗanta na biyu da buɗaɗɗen baya ya zo duniya, wani jan ƙulli a tsatsonsa, bai ko kai suna ba. Mata suka ce aljana doguwa ce ta shafe shi. Mijinta Modibbo ya ce ƙaddara ce, a bar zancen. Kowa ya bari, ban da ita.

Wata damina kaza ta taka ƙwan da take kwanci ya fashe. Habiba ta ga wani siririn zare kwance bisa gwaiduwar. Ƙanenta Hamza, mai koyar da kimiyya a Dogon Dutsi, ya zo gaisuwa ranar, sai ta nuna masa.

"Adda, farkon tsuntsun ke nan," in ji shi. "Kifi, zabo, rago, mutum, duk da zaren nan suke farawa. Shi ke aika wa tsoka umarni: nan dama, nan hagu, a naɗe a rufe baya. Umarnin ya daɗe, tun halittun ruwa na farko, kowane jinsi da yadda yake kunna shi."

"In bai rufe ba fa?"

Hamza ya gane inda ta dosa. Ya ce, "A watan farko yake rufewa, mace ba ta ma san tana da ciki ba. Akwai ƙwayar da ake sha tun kafin ciki, tana rage haɗarin. Ki faɗa wa Sa'adatu."

Ji zancen ɗan boko. Sa'adatu ɗiyarta ce ta fari, ba a daɗe da kai ta ɗaki a garin Matankari ba. Ɗiyar da ko sunanta Habiba ba ta taɓa kamawa ba saboda kunya, "waccan" take ce mata, ita za ta zaunar ta yi mata zancen ciki? Ta dai ɗauki ƙwai ta tafi Matankari. Ta tambayi gero, ta tambayi ruwa, ta yi faɗa kan tukunyar da ba a wanke ba, ta komo gida da maganar a bakinta.

Ba a jima ba labarin ciki ya iso. Tsoro ya kama Habiba. Da Sa'adatu ta zo goyon ciki, uwar ba ta iya duban cikin, sai ta huce kan kaji. Kullum tunaninta ɗaya: zaren ya riga ya rufe ko bai rufe ba, kuma ita ce ta yi shiru.

Da hantsi aka haihu. Bisa al'ada Habiba waje za ta tsaya, kamar abin bai dame ta ba. Tana jin kukan jariri ta ture zana ta faɗa ɗakin. Ta karɓe shi daga hannun ungozoma, ko fuskarsa ba ta duba ba, ta kife shi a cinya. Ta bi gadon bayan da yatsa, daga ƙeya har tsatso. Fata sumul.

Ta ɗago, hawaye na zuba, gaban duk matan ta ce, "Sa'adatu, sannu. Ciki na biyu, tun kafin ya samu za mu je likita tare."