Baba Munshili da Shatin Haƙora

A da, kullum da hantsi Baba Munshili na zaune a ƙofar rumfarsa a unguwar masassaƙa ta Fumban, da tabaransa mai ƙafa ɗaya, jama'a na miƙo masa wayoyi ya duba hotunan kayan tarihi da ake talla a intanet. Shekara arba'in ya yi yana sassaƙa. Ya san yadda ake rataye sabon aiki a hayaƙin madafa, ko a binne shi gefen suri gara ta ɗan taɓa, ya fito kamar ya girmi kakan kowa. Maganarsa ɗaya ce: "A juyo mini cikinsa."

Bara wata bazawara, Pembura, ta zo masa. Ta ga hoton fuskar katakon da mahaifinta ke sawa a rawar girbi, wadda aka sace tun tana yarinya. Har ta sami mai sayen gonarta ta kofi, wadda da ita take ciyar da 'ya'ya huɗu, don ta fanso fuskar.

"Baba, wallahi ita ce. Ga ma tsaguwar kunnen."

"Tsaguwa? Miƙo wuƙa in yi miki uku kafin shayina ya huce. A juyo cikinta."

Mai tallar ya turo hoton. A cikin irin wannan fuska akwai ɗan guntun itace a gicciye, wanda mai rawa ke cijewa don ta zauna masa. Shatin haƙora na nan a jikinsa, jere reras.

"'Yata, buɗe baki. Wushiryar nan gadon wa?"

Duk garin an san wushiryar babanta, ga shi shatin babu giɓi ko ɗaya. Ta fashe da kuka, ta yi wata guda ba ta gaishe shi.

Baba Munshili, kai ne mai faɗin gaskiya ko za a daina gaishe ka. Yau da ido ya gaza ka ajiye tabarau, raina ya sosu ƙwarai. Mun gode, Allah ya saka. Masassaƙan Fumban, kun san abin da ya sani, ku ma ku riƙa faɗa.

Ba a ga ainihin fuskar ba har yau. Amma jiya Pembura ta sauke wa Baba Munshili kwandon kofi daga gonarta, tana dariya, wushirya a waje.