Gabar Mahaifina da Tawa

Ni na yi kuskure, kuma saura kaɗan a zubar da jini a bakin rijiyar garinmu, yamma da Gidan Sori.

Mahaifina ya sha faɗa cewa daga baki zuwa ruwa gaba goma sha biyu ne, wato buɗin hannuwa biyu sau goma sha biyu. Da bazara ta tsananta, ruwan ya fara ɗanɗanon kanwa, sai na zura igiya na auna, na samu sha huɗu. Na je gaban mai gari na ce shanun Fulanin ruga ne suka shanye mana gaba biyu. Da yake na ɗan yi lakol, wato boko, ba wanda ya musa. Aka hana su rijiya.

Kwana huɗu shanunsu na tsaye nesa suna kuka. Mazan gari suka tsare rijiya da sanduna, mazan ruga ma suka zo da nasu. Ardo, dattijon da ya yi abota da mahaifina, ya tsaya tsakani yana kallona.

Mai gari ya kira ma'aikaci daga buron ruwa, ofishin masu kula da rijiyoyi. Ma'aikacin ya tambaye ni da me na auna.

"Da gabata," na ce.

"Mahaifinka fa?"

"Da tashi."

Ya sa aka ɗauko tsohuwar igiyar mahaifina mai ƙulle-ƙulle, ya ce in buɗe hannuwana tsakanin ƙulli biyu. Ban kai ba. Mahaifina dogo ne, ni na biyo uwata.

"Malam," ya ce, "masu auna teku ma, da na'urorinsu, zafi kan kumbura musu ruwa, gishiri ya takure shi, dole su rubuta ko sama da haka ko ƙasa. Kai ka yanke hukunci da hannu biyu?"

Na tambaye shi, to ruwan ya ragu ko bai ragu ba? Ya ce wataƙila kaɗan, ba zai rantse ba sai an shekara ana aunawa da ma'auni ɗaya.

Aka buɗe rijiya ranar. Amma saniyar Ardo mai ciki ta riga ta faɗi.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa ruga. Na tarar da Ardo yana tufka, na durƙusa.

"Baffa, abin da ban sani ba na faɗa kamar na sani. Saniyarka a wuyana take. Ka yafe mini."