Makulata Mai Kek ɗin Acha

Sunanta na yanka Immaculata, amma wanda ya shigo Dutse Uku yana neman mai wannan suna zai wuni yana yawo. Makulata muke ce mata, da shi take amsawa. A nan Jos aka haife ta. Ubanta Ibo ne, kayan keke yake sayarwa a kasuwar Taminus har Allah ya ɗauki ransa. A Kabong ta girma, aure ya kawo ta layinmu, yau shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mijinta Charles mai walda ne. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, sai dai mutumin da yake lanƙwasa ƙarfe da hannu, uwarsa daga ƙauye da waya kaɗai take lanƙwasa shi.

Ni Tabawa, alkaki da funkaso nake yi tun kafin a haifi Makulata. Ita kuwa kek da cincin ne sana'arta. Lokacin ba ta da obin, murhun gashin nan na zamani. Babbar tukunya take zuba wa yashi a gindi, ta ɗora a kan gawayi, ta jera gwangwanaye a ciki, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Na sha yi mata tsiya cewa ita kaɗai na sani mai dafa ƙasa, amma idan ta buɗe tukunyar nan har masu acaɓa sukan rage gudu.

'Ya'yanta uku, biyu maza, ta ƙarshen mace, Zinachukwu, mu Zina muke cewa. Tun tana shekara huɗu yarinyar nan ta fara lalacewa. Ciki ya fito gaba, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, gudawa ba dare ba rana. Wasu suka ce tsutsar ciki ce, wasu suka ce shawara, wata mai baƙin baki a layinmu ta ce a dubi maƙwabta. Ni ma na ba da jiƙo har kala uku. Sai da ta shekara bakwai wani likita a babban asibiti ya ɗebi jininta, ya sake wani gwajin, sannan ya gano abin.

Ranar Makulata ta leƙo ta katanga, idonta jawur. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a wurinta, mun saba.

"Mama, likita ya ce Zina ba zai ƙara cin alkama ba. Har abada."

Na ce, "Wace alkamar? Wadda na ci na tsufa?"

"Ita fa. Ya ce akwai wani abu a ciki, gulutin, wannan da yake sa ƙulli ya yi danƙo. Shi yake cinye hanjinsa. Ba biredi, ba taliya, ba kek, ba cincin." Ta dube ni. "Ba alkaki."

Na so in ce likitan bai san aikinsa ba. Abin da ya hana ni, kullum da la'asar ni nake miƙa wa yarinyar nan alkaki ɗaya ta katanga don ta yi ƙiba. Shekara uku ina yi.

Da Ista uwar Charles, Mama Theodora, ta zo daga ƙauyensu. Ta dubi jikarta, ta dubi surukarta, ta yanke magana. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda biredi ya kashe yaro ba, rashin iya reno ne kawai. Ta ce za ta dawo da Kirsimeti, idan ta tarar da yarinyar yadda ta bar ta, da ita za ta koma, a hannunta za ta girma. Charles yana zaune yana kallon takalminsa. Makulata ta san abin da ake karyawa da shi a gidan tsohuwar nan, shayi ne da biredi mai kauri, kuma babu takardar likitan da za ta hana ta ba jikarta.

Abu na farko da Makulata ta yi, ta fitar da fulawa daga gidanta gaba ɗaya, buhu da rabi ta ba wata ƙawarta a Kabong. Na ce mata, "Ke mahaukaciya ce? Da me za ki yi sana'a?" Ta ce ta kama Zina sau biyu a bayan ƙofa tana tsintar ɓurɓushin cincin a faranti. Yarinyar da ta tashi cikin ƙamshin kek ba za a ce mata ta zauna da tuwo kawai ba, za ta sata, ko a gida ko a makaranta. Dole a samo mata abin zaƙin da ya fi na sata daɗi. Sai ta tuna da acha, wadda likita ya ce ba ta da wannan abu ko kaɗan.

Mu nan gwate muka san acha da shi, da kunu, da tuwo. Babu wanda ya taɓa cewa ta zama kek, ita ma achar ba ta yarda da wuri ba. Na farkon da Makulata ta gasa, tana juye gwangwani ya zube kamar ginin da ba a sa wa siminti ba. Na biyu ya tsaya, amma Charles yana tauna muka ji ƙaras daga tsakar gidana. Acha da yashi tare suke zuwa daga gona. Nan dai na yi amfani. Na zaunar da ita da ƙwarya biyu na koya mata rege, a juya a hankali, a tsiyaye, a bar yashin a gindi, sau bakwai ko takwas har sai ƙwarya ta fito fes. Ta iya a kwana uku. Akwai 'ya'yan cikina da har yau ba su iya ba.

Sauran aikin nata ne ita kaɗai. Garin acha ba ya riƙe kansa, don haka ta shiga neman abin da zai riƙe shi. Ta ƙara ƙwai ya yi ƙarni. Ta zuba sitacin rogo da yawa ya zama kamar robar silifa. Kajin layinmu ba su taɓa ƙiba irin ta wannan damina ba. Sai wajen gwaji na talatin ta dace: garin acha kofi biyu, garin aya rabin kofi, sitaci cokali biyu kacal, nunanniyar ayaba wadda bayanta ya yi baƙi, ƙwai a buga shi har ya yi kumfa, a bar ƙullin ya huta kafin ya shiga wuta. Ya tashi, ya yi laushi, wuƙa ta shiga ta fita bai zube ba. Zina ta ci biyu a tsaye.

Amma yarinya ba ta warke ba. Ta ɗan samu sauƙi kwana biyu, sai cikin ya sake murɗawa. Agusta ta wuce, Satumba ta wuce. Charles ya fara cewa ga shi an kashe sana'a a banza, wataƙila Mama Theodora ce mai gaskiya. Makulata ta bi yarinyar har makaranta, ta roƙi malamarsu ta sa ido. Ta canza bota, ta canza sukari, ta ƙone tsofaffin gwangwanayenta ta sayo sababbi. Duk a banza. Ta rame ita ma, har zaninta ya fara zagaye ta sau biyu.

A ƙarshen layinmu akwai injin niƙa na wani mutum Siman. Duk Talata da Juma'a da safe ni da Makulata tare muke zuwa, ni da alkamata, ita da acharta. Kuma duk ranar da muka isa, sai ta ja da baya ta ce, "Mama, ka fara." Tarbiyyar da ta samu ke nan, ba ta shiga gaban babba ko a bakin famfo. Ni kuma ban taɓa cewa a'a ba, don a ganina haka ya kamata.

Wata Juma'a a watan Oktoba, Siman ya gama tawa, ya juye tata. Ina ɗaure buhuna sai na ga Makulata ta tura tafin hannunta ƙarƙashin bakin inji ta tari garin da ya fara fitowa. Ta kai shi hasken rana.

"Oga Siman, tsaya! Kashe!"

Ya kashe yana tsaki. "Madam, mene ne kuma? Mai nake ƙonawa fa."

"Acha fari ne. Wannan ja-ja ne. Na waye?"

Siman ya leƙa, ya yi dariya. "Na Inna Tabawa ne mana. Ai kowa da sauran na gabansa yake tafiya, shi ma ya bar wa na bayansa. Haka inji yake tun da aka ƙera shi."

"Ba ka wankewa?"

"In kwance inji in wanke saboda mudu biyu? Madam, ko matar gwamna ce ta zo, a kan na wani za ta hau."

Sai a lokacin na gane. Wata huɗu matar nan tana rege acha sau takwas, tana auna sitaci da cokali, sannan ta zo ta ba ni girma, alkamata ta bi ta har cikin tukunya. Ta dube ni ta ce, "Mama, ba laifinka ba ne. Ni na ce ka fara." Na ce mata ta rufe mini baki, tsohuwar da ta shekara arba'in a cikin garin alkama ya kamata ta riga ta gani. Garin ranar a wurin Siman ta bar shi.

Daga nan kasuwa ta wuce, ta sayo sabon turmi da taɓarya da rariya, ta sa Charles ya shafa musu jan fenti a gindi don kada su ɓata cikin na aro. Ta jiƙa acha, ta baza ta sha iska, ta daka da hannunta. Wanda bai taɓa daka acha ta zama gari ba, kada ya sa baki. Ƙwayar ƙanana ce, gudu take yi daga ƙarƙashin taɓarya. Mudu ɗaya sai ya ci hantsi guda. Tafin hannunta ya yi ƙanta, ya fashe, ya sake yi. Da na shigo zan taya ta, a bakin ƙofa ta tare ni.

"Mama, ka taɓa alkama yau?"

"To da me zan wuni, da zinariya?"

"Canza zani. Wanke hannu har nan." Ta nuna gwiwar hannu.

Na ce, "Yau kuma ke za ki koya mini alwala?" Amma na koma na canza. Ita ce mace ta farko da ta taɓa korata daga ƙofarta na dawo ina murna.

Mako uku da fara daka, gudawa ta tsaya. Cikin ya fara sauka. Wata safiya na ji ana tsalle-tsallen igiya a bayan katanga, na leƙa don in yi wa 'ya'yan mutane faɗa, sai na ga Zina ce.

Mama Theodora ta sauka ana jibi Kirsimeti, da ƙaramar jaka fanko ta zuba kayan yarinya, da ƙaton biredi na tsaraba. Ranar bikin na shiga yi musu barka kamar yadda muka saba, a gabana aka yi. Ba na jin Ibo, Makulata ce ta fassara mini daga baya. Ba zan ce Zina ta yi ƙiba ba, wata biyu ba ya gyara ɓarnar shekara uku. Amma kumatu sun fito, ido ya yi haske. Tsohuwar ta jawo ta, ta matsa damtsenta, ta danna cikinta, ta ɗaga ta sama ta auna nauyi kamar mai sayen kaza. Ta yanko biredi ta miƙa mata.

Zina ta sa hannu a baya. Ta ce, "Mama, wannan yana sa ni ciwo. Ki ci nawa." Ta ruga ta ɗauko kek ɗin da uwarta ta gasa da safe, an yanka jajayen 'ya'yan itacen nan na Jos, sitrobari, an jera a kai.

Tsohuwar ta gutsura kaɗan don kada a ce ta ƙi. Ta tauna a hankali, tana neman abin kushewa, na san wannan taunar don ni ma ina yin ta. Ta ce sukari ya yi kaɗan. Sannan ta ƙara yanka. Da Makulata ta zo ɗauke faranti, tsohuwar ta kama hannunta ta juya tafin, ta ga ƙantar nan da tsagar da ba ta gama warkewa ba. Ta tambayi ɗanta mene ne wannan. Charles ya faɗa mata. Ta daɗe tana yi masa magana da Ibo, kuma wannan ɓangaren Makulata ta ƙi fassara mini, sai dai na ga kunnen mai walda ya yi laushi.

Kwana tara tsohuwar ta yi. Ranar tafiya jakar da ta zo da ita ba ta koma fanko ba, acha mudu huɗu aka zuba mata, regaggiya. Charles ya kai ta tasha ita kaɗai.

Yau Zina tana aji biyu a sakandare, a gidan uwarta, ta kusa fin ta tsayi. Makulata ta sayi ɗan injinta na kanta, acha da aya da shinkafa kaɗai suke shiga cikinsa, ko ni ba a niƙa mini. Ta yi obin mai gas. Malaman jami'a daga Naraguta har ƙofa suke zuwa da mota, da iyayen yara masu irin ciwon Zina, waɗanda likitan nan yake turowa. Duk uwar da ta zo, kafin Makulata ta sayar mata da ko guda ɗaya sai ta zaunar da ita a benci ta tambaye ta a ina take niƙa.